Fayil ɗin da Ya Ƙi Buɗuwa: An Adana Shi Ko Ya Ɓata?

A shekarar 1986 tashar BBC ta yi wani gagarumin aiki don bikin cikar shekara 900 da rubuta littafin Domesday, kundin ƙidayar filaye da dukiyar Ingila da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Mutane kusan miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, suka tattaro hotuna da bayanan garuruwansu, aka zuba a manyan faifai biyu. Ba a cika shekara ashirin ba aikin ya gagari karatu. Faifan suna nan lafiya lau, amma na'urar Philips da kwamfutar BBC Master masu karanta su sun zama kayan tarihi. Sai da masana na jami'o'in Leeds da Michigan suka duƙufa, a 2002 suka haɗa manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar, sannan aka sake ganin abin da ke ciki. Littafin asali kuwa, na fata da tawada, yana nan a ma'ajiyar tarihi ta Kew, kuma ana karanta shi.

Ana yawan kawo wannan labari don a ce takarda ta fi kwamfuta. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa, domin shi ma littafin fatar ba kowa yake buɗe wa ƙofa ba. Da Latin aka rubuta shi, cike da gajerun kalmomi irin na magatakardan wancan zamani. Yana karantuwa ne saboda ba a taɓa rasa masu koyar da wannan karatu ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon buga takardu kusa da jami'a ya ga ƙaramin misalin wannan. Ɗalibi ya miƙa filash, mai shago ya danna fayil, sai kwamfuta ta ce ya lalace. Gwanin mai shago ba ya ruɗewa. Zai fara duba nauyin fayil ɗin: in sifili ne, babu abin ceto. In yana da nauyi, zai duba ko an sauya masa wutsiyar suna, ya gwada wata manhaja, ko ya bi ta hanyar buɗewa da gyara da ke cikin Word. In docx ne yana iya mayar da sunan zuwa zip ya shiga ciki, domin tun daga Office 2007 irin wannan fayil ƙunshi ne na ƙananan fayiloli, rubutun kuma yana cikin ɗayansu.

Na PDF ya fi ban sha'awa. Wannan tsari da kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 yana ajiye jadawalin da ke nuna inda kowane abu yake a can kusa da ƙarshen fayil, kuma manhaja daga ƙarshe take fara neman hanya. Idan intanet ta yanke ana cikin saukewa, sai a samu yawancin rubutun ya iso, jadawalin ne bai iso ba. Kalmomin ɗalibin suna nan kwance a cikin filash, amma babu mai kai wa gare su. To, a wannan hali rubutun nasa yana nan ko ba ya nan?

Malaman Musulunci sun daɗe da fuskantar wannan tambaya, kuma amsarsu ba ta ba wa takarda kaɗai gaskiya ba. Bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Umar ya ba Halifa Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani wuri ɗaya. Zaidu ɗan Sabit, wanda aka ɗora wa aikin, ya haɗa abin da ke rubuce a fatu, ƙasusuwa da rassan dabino da abin da ke ƙirjin mutane. Mus'hafan farko babu ɗigo, babu wasali. Wanda bai ji karatun daga bakin malami ba, harafi ɗaya na iya zame masa ba, ko ta, ko ya. Rubutun yana jiran mai karatu wanda ya riga ya san hanya.

Masana hadisi sun ƙara tsanantawa. Sun kasa kiyayewar mai ruwaya gida biyu, ta ƙirji da ta littafi, kuma ba sa yarda da kwafi sai an yi masa muƙabala, wato an gwada shi da asalin da aka kwafo. A cikin hanyoyi takwas na karɓar hadisi da Ibnus Salah ya jera, ji daga bakin malami ne kan gaba. Tsintar littafi da rubutun hannun wani malami, ba tare da an karanta a gabansa ba, ita ce ta ƙarshe, kuma wanda ya tsinta ba shi da ikon cewa malamin ya ba shi labari, sai dai ya ce ya samu a rubuce. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito hadisin da ke nuna cewa ana ɗauke ilimi ne ta hanyar mutuwar malamai. Ba a ce ta ƙonewar littattafai ba.

A tsangaya ma haka abin yake. Gardi ya rubuta allonsa da ka, amma bai isa ya wanke ba sai alaramma ya bi shi baƙi da wasali ya gyara. Masu kwamfuta suna da tasu muƙabalar: ana lissafa wa fayil wata doguwar lamba, kamar ta tsarin SHA-256, wadda ke sauyawa gaba ɗaya in harafi guda ya motsa. Kaɗan ne cikin masu ajiye takardu suke damuwa su duba ta.

A nan ne maganar "haka Allah ya so" take shigowa, domin ita ake fara ji idan aikin wata shida ya salwanta. Gaskiya ce, babu Musulmin da zai musa ƙaddara. Amma wanda ya ajiye kundinsa a filash ɗaya tak, yana yawo da shi daga kwamfuta zuwa kwamfuta a shagunan da ƙwayar cuta ta yi wa katutu, sakaci ya yi, kuma bai kamata ya lulluɓe shi da rigar tawakkali ba. Sahabbai sun yi imani Allah ya ɗauki alkawarin tsare Littafinsa, wannan bai hana su tara shi da rarraba kwafi zuwa birane a zamanin Sayyidina Usman ba.

Abin ya shafe mu kai tsaye. A Janairun 2013 an ƙone dubban rubuce-rubucen hannu a cibiyar Ahmed Baba da ke Timbuktu, yayin da mutanen gari suka riga suka kwashe wasu dubun dubata zuwa Bamako a ɓoye. Tun daga nan ɗaukar hoton tsofaffin littattafai ya ƙara samun karɓuwa, kuma aiki ne mai kyau. Sai dai hoto ba ƙarshen amana ba ne. Vint Cerf, ɗaya daga cikin iyayen intanet, ya yi gargaɗi a 2015 cewa na baya suna iya rasa tarihin wannan ƙarni in manhajojin yau suka shuɗe. An ma fitar da tsarin PDF/A a 2005 musamman don ajiya mai tsawo.

Ko da fayil ɗin ya buɗe tsaf, matsala ta biyu tana nan. A gidaje da yawa a Kano, Sakkwato, Zariya da Damagaram akwai gafakar kaka cike da wasiƙu da waƙoƙi na ajami, jikoki kuma ba mai iya karanta layi ɗaya. Duk cibiya ko iyalin da ya tashi ɗaukar hoton irin waɗannan takardu, ya ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ya riƙa buɗe su lokaci-lokaci yana dubawa, sannan ya ware kuɗin koyar da yara ajami a hannun dattawan da suka iya, tun suna raye.