Haƙƙin Ciki A Kan Mai Shi



A cikin Suratuz Zariyati, aya ta 21, Allah Ya jawo hankalin ɗan Adam ya dubi jikinsa ya ga ikon Mahalicci. Zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 kowace rana, ko mai ita yana barci. Hanta kuwa, ko likita ya yanke rabinta sai ta sake tofowa.

Shi kansa kitsen da ake kuka da shi rahama ne, gama rumbu ne da jiki yake tanadi saboda ranar yunwa. Wani mutumin Sikotilan, Angus Barbieri, ya yi kwana 382, daga 1965 zuwa 1966, bai ci abinci ba sai ruwa da shayi da gahawa da ƙwayoyin bitamin, likitoci suna lura da shi. Nauyinsa ya sauko daga kilo 207 zuwa 82. Wannan ba abin koyi ba ne, don kuwa Annabi (S.A.W.) ya hana sahabbai ɗora azumi kan azumi ba buɗa baki. Amma ya nuna girman rumbun.

Illar tana zuwa ne idan kullum ana zubawa, ba a ɗiba. Daga nan sai ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa, har ruku'u da sujada su gagari mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas yana fama da ƙiba mai yawa. Duk da haka sai a ga teɓa a ce wane ya samu duniya!

Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba cewa Annabi (S.A.W.) ya raba ciki kashi uku: na abinci, na abin sha, da na numfashi. Mai azumin da ya sha ruwa da soye-soye da lemon kwalba har ya kasa tsayuwar asham, ya ci kason numfashinsa. Wake da zogale da rama da furar da ba a cika wa sukari ba sun fi masa.

Ba a kuma yi wa mai ƙiba ba'a, Suratul Hujurati ta hana izgili. Wata ƙibar gado ce, wata cuta ko magani ne suka jawo ta, mai irin wannan asibiti ya kamata ya nufa.