Macen Dutse da Mace Mai Baki

A bangon littattafan shari'a da ƙofofin kotuna da dama a Nijeriya akwai siffar wata mace ɗaure da idanu, ma'auni a hannu guda, takobi a ɗayan. Gadon Turai ce. Masu sassaƙa na ƙarni na 18, da suka koma kwaikwayon Girka da Rum, sun ga babu abin da ya dace ya wakilci adalci da 'yanci kamar jikin mace. A 1792 Faransa ta ɗora macen 'yanci a hatimin jamhuriyarta. Shekara guda bayan haka ta fille kan Olympe de Gouges, wadda ta rubuta cewa mata ma 'yan ƙasa ne, kuma sai a 1944 matan Faransa suka sami ikon ƙuri'a. Macen dutse tana da daɗin girmamawa, domin ba ta gardama.

Ƙasar Gwandu ba ta san gunki ba, addini bai bar masa gurbi ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, a rubuce ya bayyana adalci cikin Liya'ul Hukkami. 'Yar wansa, Nana Asma'u, da aka haifa wajen shekarar da aka kashe de Gouges, ta bi wata hanyar: idan za ta yabi haƙuri ko kyauta, sai ta kama sunan macen da ta aikata su. Jajin 'Yan Taru da ta naɗa wa malfa da jan rawani mata ne masu baki, suna taka ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye, suna karantarwa, suna tsawatarwa. A ganina wannan ya fi marmara nauyi, domin nagartar da ke da suna ana iya tuhumarta, ana kuma iya koyi da ita.

Sai dai mu ma mun iya sassaƙa, ko da babu guduma. Mun liƙa sunan Asma'u a makarantu da ɗakunan taro, muna ambatonta a kowane jawabi, alhali matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a 1976. A hanyar Kalgo, inda jami'ar tarayya take, yarinya mai tallan gyaɗa tana wuce ƙofar da faranti a ka, tana kallon ɗalibai suna shiga.