Shara Ce, Ko Taki Ne?

 Yau za mu yi tunani tare a kan wani ɗan abu wanda kowace uwargida takan riƙe a hannunta kullum: ɓawon albasa, ɓawon ayaba, ruɓaɓɓen tumatir, karan alayyafo, ɓawon kankana da na mangwaro. Da an gama girki, sai a tara su cikin tsohon kwano, a ba yaro ya kai juji. Tambayarmu ita ce: wa ya mai da su shara? Haka suke tun asali, ko mu ne muka yanke musu wannan hukunci?

Ka lura da jujin ƙauyenku idan damina ta sauka. Sau da yawa kabewar da ta tsiro a can da kanta takan fi wadda aka shuka a gona kore da yaɗo. Amma irin wannan ɓawo, idan aka zuba shi cikin kwata a birni, sai ya toshe hanyar ruwa, ya tara ƙudaje, ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa, maƙwabta su kasa zama ƙofar gida saboda wari. Abu ɗaya ne, a nan ya zama abinci, a can ya zama cuta. Bambancin yana ga hannun da ya ajiye shi da wurin da aka ajiye shi.

Yin takin gida ba shi da wuya. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa kamar zuwa gwiwa. A shimfiɗa busassun ganyaye, ƙaiƙayi ko karan gero da aka sassara. A zuba ragowar kayan miya da ɓawon 'ya'yan itace a kai, a ƙara kashin awaki ko na kaji idan akwai, a rufe da ƙasa kaɗan. Haka za a ci gaba, hawa bisa hawa, busasshe ya ninka ɗanye yawa. A yayyafa ruwa har ya yi danshi kamar tsumman da aka matse. Bayan kowane mako 2 a juya shi domin iska ta shiga. Ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani su ne ke cin wannan tari, kuma aikinsu kan sa cikin babban tari ya yi zafi har wajen digiri 60, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa. A ƙasarmu mai zafi, cikin wata 2 zuwa 3 zai zama baƙi, mai laushi, yana ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari. Kada a zuba nama, kifi ko mai, gama suna jawo ɓeraye da wari.

Gaskiya ne, kwano ɗaya na wannan taki bai kai ƙarfin kwano ɗaya na takin zamani ba. Amma yana yin abin da na buhu ba ya yi: yana sa rairayin jigawa ya riƙe ruwa, yana kuma mayar wa ƙasa rai. A shekarar 2022, da yaƙin Rasha da Yukuren ya ƙara tsadar takin zamani, manoma da yawa sun gane darajar abin da suke zubarwa. Manoman yankin Tawa sun daɗe da sanin tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki tafi ɗaya ko biyu, har fako ya ba da gero. A Burkina Faso, marigayi Yacouba Sawadogo ya yi amfani da wannan dabara ya mai da busasshen fili kurmi, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018.

To, ina darasin yake? Na fari, akwai tsari a cikin riƙon amana. Abin da mutum zai iya ci, a ba mutum. Wanda ya wuce cin mutum, a ba akuya ko kaji. Wanda dabba ta bari, a mayar wa ƙasa, gama daga cikinta ya fito. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi 1 cikin 3 na abincin da ake nomawa a duniya yana salwanta. Ramin taki ba hujja ba ce ta almubazzaranci. Wanda ya bar tuwo ya lalace alhali maƙwabcinsa ya kwana da yunwa, ko ya yi taki da shi, bai fita daga laifi ba.

Na biyu ya fi nauyi. Kalmar da muke faɗa a kan ɓawo, ita muke faɗa a kan mutane: "Wannan ba shi da sauran amfani." Saurayin da ya fito daga gidan kaso, yarinyar da ta yi cikin shege, magidancin da giya ta cinye, tsohuwar da ƙarfinta ya ƙare. Mukan kai su bayan gari cikin zuciyarmu, mu juya baya. In sun ƙara lalacewa, sai mu ce, "Ai mun faɗa." Ba mu tuna cewa ɓawon da aka jefa kwata dole ya yi wari ba.

Wani zai ce, "Malam, ai ba kome ke zama taki ba. Leda ba ta ruɓewa, tsohon batir kuma guba ne." Haka ne. Akwai abin da dole a tsince a fitar: ƙarya, sata, cin zali. Waɗannan halaye ba a binne su da fatan za su gyaru, sai a rabu da su. Amma leda a cikin tari take, ba ita ce tarin ba. Mai hikima yakan cire ledar, ya bar sauran. Akwai kuma wata gaskiya: ɗanyen taki yana ƙona shuka. Wanda ya saci kuɗi jiya, ba a ba shi jakar kuɗin ƙungiya yau. A karɓe shi, a zauna da shi, a ba shi ƙaramin aiki, a riƙa duba shi kamar yadda ake juya tari, har lokaci ya nuna. A cikin Luka sura 13 akwai misalin mai lambu wanda ya roƙa wa itacen ɓaure marar 'ya'ya ƙarin shekara ɗaya. Bai roƙi lokaci ya koma ya zauna ba; ya ɗauki alkawarin yin kaftu kewaye da shi, ya zuba masa taki. Haƙurin da ba a haɗa shi da aiki ba, sakaci ne.

Hausawa sun ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa sai ya zuba masa. Mukan ji wannan magana kamar kuka. Amma ka tuna da kabewar nan ta damina. Uba ko uwa, dattijo ko shugaba, wanda ya karɓi ɓacin ran mutane, ya rufe asirinsu, ya bar abin ya kwanta cikinsa har zafin ya wuce, daga wurinsa ake samun shawarar da ke rayar da gida.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a wannan mako ka yi abu biyu. Ka haƙa ramin nan a bayan ɗaki. Sa'an nan ka tuna da mutum ɗaya wanda ka daina gaisarwa domin ka ce ya riga ya lalace, ka je ka gaishe shi. Allah ya ba mu idon ganin amfanin abin da muka raina. Amin.