Ruhi da Nafsi: Wanne Aka Ba Mu Kiwo?

Idan mutum ya cika, Bahaushe kan ce rai ya yi halinsa. Idan kuwa ya ci amanar maraya, sai a ce ya bi son ransa. Kalma ɗaya ce, amma ta ɗauki kaya biyu: a farko tana nufin abin da ke riƙe da gangar jiki, a na biyu kuma tana nufin abin da ke ingiza mutum zuwa ga sha'awa. Larabci ya ba su sunaye biyu, ruhi da nafsi. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce duba yadda Musulunci ya ɗauke su, da kuma wanda aka ɗora wa ɗan Adam nauyinsa a cikinsu.

Game da ruhi, bayanin da aka ba mu taƙaitacce ne. Aya ta 85 a Suratul Isra'i ta nuna an tambayi Manzon Allah (SAW) a kansa, amsa kuwa ta mayar da al'amarin ga Ubangiji, tare da tunatar da mutane ƙarancin saninsu. Hadisin Ibn Mas'ud ya nuna mala'ika ne ke hura shi cikin ɗan tayi, abin da mafi yawan malamai suka fahimta da bayan kwana 120. Aya ta 42 a Suratuz Zumar kuma ta kusanta barci da mutuwa, domin a duka biyun karɓar rayuka ake yi, sai dai na mai barci akan sako shi zuwa wani ajali. Ke nan ba mu da hannu a shigarsa, ba mu da hannu a fitarsa.

Nafsi kuwa an yi mana bayaninsa filla-filla. A Suratu Yusuf, aya ta 53, an siffanta shi da yawan umurni da mummuna. A Suratul Ƙiyama, aya ta 2, an yi rantsuwa da mai yawan zargin kansa. A Suratul Fajri, aya ta 27, an kira wanda ya natsu. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya bayyana a Kitabur Ruh cewa waɗannan uku halaye ne na nafsi guda, kuma ruhi da nafsi abu ɗaya ne da sunansa ke sauyawa gwargwadon siffarsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta jiki da gari a Ihya'u Ulumid Din: zuciya ce sarki, hankali waziri, sha'awa bara mai kawo abinci, fushi kuwa sarkin dogarai. Gari kan zauna lafiya muddin sarki na jin shawarar waziri. Ranar da bara ya hau karaga, kowa ya san abin da zai biyo baya.

Mu sauko da zancen zuwa zauren jarrabawa. Ga ɗalibi ya cije a tambaya ta uku, mai sa ido ya juya baya, takardar maƙwabci kuma a buɗe take. Wata murya ta ce masa leƙa, ai kowa na yi, kuma iyayenka sun sayar da hatsi sun biya maka kuɗin makaranta. Idan ya leƙa, ya dawo ɗaki barci ya ƙaurace masa, to mai zargi ne ya farka, kuma wannan alama ce ta sauran alheri. Abin tsoro shi ne ranar da zai yi ya kwanta ya yi minshari. Wanda kuwa ya kawar da kai ya karɓi ɗan makin da guminsa ya ba shi, ya ɗanɗani wani abu na natsuwa, ko da sakamakon bai yi masa daɗi ba.

Wani zai ce, tun da Allah ne ya halicci nafsi da sha'awarsa, me ya sa za a kama mutum da laifinta? Amsa ita ce ba a nemi a kashe sha'awa ba. Da babu ita, da ba a yi noma ba, ba a yi aure ba. Linzami aka ce a sa mata. Suratush Shamsi ta rataya tsira ga wanda ya tsarkake ransa, taɓewa kuma ga wanda ya turbuɗe shi, kuma ba a yaba wa mutum ko a zarge shi sai a kan abin da yake da zaɓi a cikinsa.

Abin mamaki, mukan raba dare muna gardama a kan inda ruhi yake zaune da yadda kamanninsa suke, har mu gauraya shi da tatsuniyoyin kurwa da mayu, alhali dabbar da aka ba mu kiwo tana can tana ɓarna a gonar mutane. Magabata sun ce son zuciya ɓacin zuciya. Allah Ya ba mu ikon riƙe linzami kafin Mai rai Ya karɓi abinsa.