Gidan Jingina: Wa Ke da Gaskiya?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan magana ta faɗo mini ranar da na ga ana manna takardar gwanjo a ƙofar zauren wani maƙwabcinmu a Tudun Wada, Zariya. Dattijo ne mai fataucin hatsi. Ya ba wani banki takardar gidansa jingina ya ƙara jari, sai aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya ninka, jarin ya karye, kuɗin ruwa kuwa bai daina hawa ba. A gidan akwai tsohuwarsa da matansa biyu da 'ya'ya.

Da daddare ya same ni ya ce, "Malam, wani lauya ya ce akwai ƙofar da zan bi in fita ban biya ba. Ya kake gani?"

Ƙofar da lauyan ke nufi sananniya ce. Dokar filaye ta 1978 ta ce ba a jinginar da fili a birni sai da yardar gwamna. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a Legas saboda ba a sami wannan yardar ba, alhali neman yardar yana wuyan mai gidan ne. Daga baya alƙalai da dama sun nuna bai kamata mutum ya ci ribar sakacinsa ba. To, mu ajiye hukuncin kotu, mu tambayi zuciya: ya halatta?

A ganina bai halatta ba. Alƙawari kaya ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin da ya karɓa ba na manaja ba ne, ajiyar jama'a ce, har da malamin firamare da mai ƙosan da ke tara na aurar da 'yarta. Mun ga yadda masu ajiya suka yi kuka lokacin da bankuna suka durƙushe, har gwamnati ta kafa kotuna na musamman a 1994 don ƙwato basussuka.

Amma fa wannan bai wanke mai bin bashi ba. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ƙi biya da wanda ya kasa biya. Na farko azzalumi ne, na biyu kuwa jarrabawa ce ta same shi, kuma aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni a saurara masa har ya sami sauƙi. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da cewa jingina ba ta zama mallakar mai bin bashi don lokaci ya cika. In ma an sayar, haƙƙinsa kawai zai ɗauka, a mayar wa mai kaya saura. Bankin da ya yi gwanjon gida a wulaƙance don ya huta, ko da doka ta goya masa baya, ya ci amana. Kuma abin kan juyo kansa. A Amurka, a rikicin 2008, an ƙwace gidajen miliyoyin mutane, farashin gidaje ya faɗi, bankuna da yawa suka bi su ƙasa.

Abin da na faɗa wa maƙwabcina shi ne ya bar waccan ƙofa, ya ɗauki dattawan unguwa biyu su tafi bankin, ya amsa bashinsa, ya nemi a tsayar da kuɗin ruwa a tsawaita masa lokaci, ya sa shagunan ƙofar gida haya a riƙa biya da su. Sun je, har yanzu ana kan magana, tsohuwa kuma tana ɗakinta.

'Yan'uwa marubuta, idan irin wannan labari ya zo alƙalaminmu, kada mu yi saurin mai da manaja dodo, mai gida waliyyi. Kowannensu yana riƙe da rabin gaskiya, aikinmu shi ne mu nuna wa mai karatu inda kowa ya saki nasa rabin. Allah Ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.