Motar da Ke Shelar Kanta

Rundunar 'yan sandan lardin Ontariyo ta ƙasar Kanada, wadda aka kafa a 1909, ta daɗe jami'anta suna sintiri da ƙafa da jirgin ƙasa, daga bisani da babur, kafin a sayo musu motoci masu alama a 1941, ƙirar Chevrolet, da fenti baƙi da fari, har jama'a suka laƙaba musu sunan Holstein, wato shanun madarar nan masu dabbare-dabbare. A 1989 aka mai da su farare masu ratsin shuɗi da ruwan zinariya, sa'an nan a 2007, zamanin kwamishina Julian Fantino, aka koma wa launin dā, bisa hujjar cewa ya fi saurin shiga ido daga nesa.

Wannan hujja, ko da yake a zahiri batun fenti ce, tana ɗauke da mas'alar da malamai suka daɗe suna jujjuyawa: shin maslaha ce mai hukunci ya bayyana, ko ya laɓe? Domin wanda ya laɓe kamun mai laifi yake nufi, amma wanda ya tsaya a fili burinsa kada laifin ya auku tun fari. Direban da ke sharara gudu a babbar hanya ta 401, da zarar ya hango baƙi da fari a gefen titi, sai ƙafarsa ta sassauta daga totur, hannunsa ya laluba bel, ba tare da an ce masa uffan ba. Malam Al-Mawardi ma, a babin hisba, ya taƙaita aikin muhtasibi ga munkarin da ya fito sarari, ya hana shi tajassusi, wato bin diddigin asirin mutane, sai inda ake tsoron ɓarnar da ba ta gyaruwa, kamar kisan kai.

Mai suka zai ce wannan ladabi na direba riya ce tsantsa, tun da da zarar an wuce motar za a sake taka totur. Kuma lalle bai yi ƙarya ba, shi ya sa rundunar ba ta rasa motoci marasa alama. Sai dai muraƙaba, wato kiyaye Ubangiji a ɓoye, ba abin da hukuma ke iya dasawa a zuciya ba ne, kuma ba a ɗora mata ba. Zahiri aka ba ta.

Abin da ya fi rinjayar da ni ga motar mai alama shi ne fentin bai bar na cikinta ba. Ɗan sandan da ya keta jar danja ba dalili, ko ya tsare bawan Allah bisa zalunci, yana yi ne cikin motar da ta ɗauki sunan rundunarsa ɓaro-ɓaro, ga lamba a jikinta da kowane mai wucewa zai iya rubutawa ya kai ƙara.