Wanda Ya Ga Ƙasa Tana Nutsewa

Tun 2014 tauraron ɗan'adam na Turai, Sentinel-1, yake kewaya duniya yana aiko igiyoyin radar ƙasa, yana auna dawowarsu. In aka gwada awon yau da na makonnin baya, sai a gane inda ƙasa ta lotsa, ko da kaurin farce ne. Irin wannan awo ya nuna arewacin Jakarta, a Indonesiya, yana nutsewa sannu a hankali, saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa.

To, wanda ya sani, me ya rataya a wuyansa? A 2019 gwamnati ta sanar da shirin mayar da babban birni tsibirin Borneo. Ofisoshi suna iya ƙaura. Masuncin da teku ke shigo wa ɗaki fa, ina za shi?

Mu ma'aikatan rediyo mun san labari amana ne. In ya tsaya a teburin masana da mahukunta, mai hali ya tsere, talaka ya ji a jikinsa. Sanin haɗari bashi ne. Biyansa shi ne a sanar da mazauna wurin da harshen da suke ji, a kai musu ruwan famfo su daina dogaro da rijiya, tun da sauran lokaci.